Yadda ake ba da aron tsohon littafin hannu don baje koli a ƙasar waje

A 2003 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya baje littattafan Timbuktu da aka aro daga ɗakin karatu na Mamma Haidara. Wasiƙar neman irin wannan aro tana iya isowa Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, ko hannun iyalin da suka gaji gafakar kakansu. Zancen wanke hannu da nisantar biro na bar shi, wanda bai san wannan ba bai isa taɓa littafin ba.

Fara da ƙirga warƙoƙi. Yawancin littattafanmu ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne cikin bangon fata, in ɗaya ta zame babu mai lura. Sa wa kowace lamba da fensir mai laushi a lungun gefe, ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka rubuta duk yagewa da cin gara da tabon ruwa. Ku biyu za ku sa hannu a takardar, kai da mai aro.

Sai danshi, inda sababbin shiga suke faɗuwa. Mai aro zai rubuto cewa danshin zauren baje kolinsa yana kan kashi 50 cikin ɗari, wai ƙa'idar duniya, su kuma su amince da murna. Littafin da ya shekara ɗari a Kano ko Damagaram bai san wannan zaman ba. Da hunturu danshin ɗakinsa yakan sauka ƙasa da kashi 20, da damina ya haura 70, amma a hankali, cikin makonni. Sauyin dare ɗaya ne yake yi masa illa: takarda ta sha raɓa ta kumbura ta lanƙwashe, tawadar gawayi da ƙaro da ke zaune a samanta ta fara ɓarewa. Tawadar bagaruwa mai ƙarfe kuwa, danshi yana ƙara mata saurin cin takarda har harafi ya zama rami. Fatar bango ita ma tana miƙewa, ta tsuke, ta tsage.

Saboda haka ka ajiye ma'aunin danshi a ma'ajiyarka tun kafin ka amsa wasiƙar. Ƙaramin na batir ya isa, ba shi da tsada, kada wani ya sa ka sayi na dubban daloli. Abin da ya nuna a watannin da suka gabaci tafiya shi za ka rubuta cikin yarjejeniya, a daidaita danshin akwatin gilashin da za a baje littafin a ciki zuwa kusa da wannan adadi, da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Littafin kuma ya yi tafiya a naɗe da takarda marar asid, cikin akwati mai rufin da iska ba ta ratsawa. In ya sauka, kada a buɗe sai ya kwana ɗaya a zauren, ni na fi son biyu. Za a matsa maka cewa 'yan jarida suna jira. Su jira.

Haske kada ya wuce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), baje kolin kada ya zarce wata uku. Ja da rawaya na adon Alƙur'ani in sun koɗe ba sa dawowa. Ni ba na yarda littafi ya fita gaba ɗayansa, warƙa huɗu ko shida sun isa, a riƙa sauya su.

A Najeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kayan tarihi ke fita, ka nema da wuri don yakan ɗauki lokaci. Inshora a wuyan mai aro take, daga ma'ajiyarka har ta dawo ma'ajiyarka. Mutuminka ya raka akwatin cikin jirgi, kada a jefa shi wurin kaya, kuma a shirya da kwastan su duba a ɗaki, ba a filin jirgi ba. Ranar dawowa ma a bar shi ya kwana a rufe, sannan ka gwada kowace warƙa da hotonta kafin ka sa hannun karɓa.