Yadda za ka danƙa koyarwa ga wanda zai riƙe ta

Fasto, dattijo, shugabar Zumuntar Mata, da ku nake magana. Makarantun tauhidi irin TCNN ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, da JETS ta Jos suna aikinsu, amma ba za su iya aiko wa kowace majami'ar ƙauye malami ba. Wanda zai tsaya gaban ajin baftisma da makarantar Lahadi bayan ba ka nan, a cikin jama'arka zai fito, kai ne kuma za ka shirya shi.

Buɗe 2 Timoti 2:2 ka ƙidaya mutanen da ke cikin ayar. Bulus ya koya wa Timoti, Timoti zai danƙa wa amintattun mutane, su kuma su koya wa waɗansu. Hannu huɗu ke nan. Bulus yana kurkuku a Roma ya rubuta wannan, ya san ƙarshensa ya kusa, abin da ya dame shi kuwa shi ne wanda zai riƙe maganar.

Zaɓen mutum shi ne rabin aikin, a nan kuma muka fi tafka kuskure. Idonmu yakan tafi kan mai zaƙin baki, saurayin da in ya kama makirfo kowa sai ya ce Amin. Ni dai na fi son in ga wanda ke zuwa addu'ar asuba ko da ruwan sama, wanda in an ba shi ƙirgan baiko lissafi ke fitowa daidai har kwabo, wanda matarsa ba ta sunkuyar da kai sa'ad da yake magana a gaba. Tambayi maƙwabtansa, har waɗanda ba Kirista ba. 1 Timoti 3:7 ta ce sai yana da kyakkyawar shaida a wurin na waje. Iya magana ana koyonsa a wata shida. Aminci kuwa sai an zauna da mutum rani da damina kafin a san yana da shi. Kada ka yi gaggawa, ko da ajin ya zauna ba malami na ɗan lokaci.

Kada ka tsallake mata. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta faro, Bilkisu da mijinta Akila ne kuma suka ja Afolos gefe a Afisa suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, duk da shi gwanin magana ne.

In ka same shi, ku sa rana ɗaya a mako, misali Laraba kafin addu'ar yamma. Ku ɗauki littafi guda, ku bi shi daga farko har ƙarshe. Markus ya fi sauƙin farawa, sura 16 ne kawai; bayansa Romawa. Shi zai karanta da ƙarfi, kai ka yi tambaya. Duk abin da ya faɗa, ka ce masa, "Nuna mini a cikin ayar." Zai ji nauyi da farko, zai ce ai haka ya ji ana faɗa. Ka sa shi ya karanta ayoyi biyar na sama da biyar na ƙasa, sannan ya sake amsawa. Wannan ɗabi'a ce za ta tsare shi ranar da wani zai turo masa bidiyo a WhatsApp yana cewa a sayi man shafewa ko a "shuka iri" na kuɗi domin a warke. Kai ma ka yarda ya yi maka tambayar nan. Mutanen Biriya sun bincika Nassi kowace rana don su ga ko abin da Bulus kansa ya faɗa haka yake, aka kuwa yaba musu.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka in ajin Hausa suke ji, a koya musu da Hausa. Ka sa shi ya bayyana alheri, tuba da barata da kalmomin da tsohuwar da ke kujerar baya za ta gane.

Bayan wata uku ko huɗu ka ba shi ajin baftisma, ka zauna a baya da bakinka a rufe. In ya yi tuntuɓe, kada ka gyara shi gaban jama'a, sai in abin ya taɓa tushen bangaskiya, kamar allahntakar Almasihu ko tashinsa daga matattu. Sauran ka bari sai kun keɓe: ka fara da abin da ya yi daidai, ka ɗauki gyara ɗaya tak, ku buɗe ayar tare. Ka riƙa tafiya da shi gaisuwar marasa lafiya da zaman makoki, ya ji yadda ake faɗar bege na tashin matattu ga gwauruwar da ta binne mijinta jiya.

Da ya cika shekara yana koyarwa, ka tambaye shi wa ya hango a cikin ajinsa. In ya ambaci suna, ka bar masa Larabar ya zauna da wannan, kai kuma ka nemi wani sabo ku koma Markus sura ta 1.