Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar Sybil Birling

A wasan kwaikwayon An Inspector Calls na J.B. Priestley, wanda aka fara nunawa a Tarayyar Sobiyet a 1945, sannan a Landan a 1946, babu wadda ɗalibai da 'yan wasa suka fi yi wa gurguwar fahimta kamar Sybil Birling. Ita ce babbar mai faɗa a ji a ƙungiyar matan da ke taimakon mabuƙata a garin Brumley. Wata matashiya matalauciya mai suna Eva Smith ta zo gabansu da ciki, ba ci ba sha, Sybil ta sa aka hana ta taimako. Bayan mako biyu yarinyar ta kashe kanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kira ta muguwa a tsaya nan. 'Yar wasan da ta ɗauke ta haka sai ta hau dandamali tana harara da daka tsawa, wasan ya lalace. Sybil ba ta san tana zalunci ba. A ganinta aikinta ta yi, ta tace wanda ya cancanta daga wanda bai cancanta ba, kuma ta kwana da zuciya sakayau. Gyaran shi ne a bar ta da sanyin murya, a natse, kamar mai bayanin abin da kowa ya sani. Wannan natsuwar ce ke tayar wa mai kallo tsigar jiki.

Wasu kuma suna cusa girman kanta da na mijinta a buhu ɗaya. Arthur mai masana'anta ne da ya yi kuɗi, yana ta cika baki don manya su karɓe shi. Ita kuwa ta fi shi asali, marubucin ma ya faɗi haka tun a bayanin buɗe wasa. Duba yadda ta kwaɓe shi a kan tebur don ya yaba wa mai dafa abinci a gaban baƙo. Shi yana neman matsayi ne, ita tana tsaron wanda ta gada.

Daga nan ne za a gane batun suna, wanda da yawa suke tsallakewa. Eva ta gabatar da kanta ga ƙungiyar da sunan Misis Birling, Sybil kuma ta amsa da bakinta cewa wannan ya sa ta tsane ta tun farko. Da yarinyar ta ce ta daina karɓar kuɗin wanda ya yi mata ciki saboda na sata ne, Sybil ta ƙi yarda, wai irin waɗannan 'yan mata ba sa ƙin kuɗi. Ni a nan ne abin ya fi ci mini rai: ba taimako kawai ta hana ta ba, ta ƙi yarda cewa talaka ma yana da mutunci da kunya. Duk sharhin da bai taɓo wannan ba, bai kai ga ƙashin maganar ba.

Kada kuma a manta da shekara. Labarin na 1912 ne, lokacin da mace irin Eva, wadda aka kora daga aiki don ta nemi a ƙara albashi daga sule 22 da sisi zuwa sule 25 a mako, kusan ba ta da wata ƙofa in ba ta masu sadaka ba. Masu kallon farko a Ingila kuwa sun riga sun ga rahoton Beveridge na 1942, wanda ya nemi gwamnati ta ɗauki nauyin walwalar jama'a, da nasarar jam'iyyar Leba a 1945.

Sai tarkon ƙarshen kashi na biyu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sybil ta ɗora komai a kan uban cikin, ta nemi a tilasta masa ya amsa laifinsa a bainar jama'a, 'yarta Sheila na roƙonta ta yi shiru. Ashe ɗanta Eric ne. 'Yan wasa kan yi gaggawa a nan, su nuna ta gane da wuri. A bar ta ta yi ta tsuke igiyar da hannunta, kowa a ɗakin kallo ya gane kafin ita, sannan Eric ya shigo.

Damuwar da ta nuna bayan haka takan ruɗi ɗalibai su rubuta cewa ta tuba. A karanta kashi na uku da kyau. Da Gerald, saurayin Sheila, ya dawo da labarin cewa Sufeto Goole, wanda ya zo yi musu tambayoyi kan mutuwar Eva, ba ɗan sanda ba ne, nan take ta ware, har tana alfahari cewa ita kaɗai ce ba ta rusuna masa ba. Suna cikin wannan murnar wayar gidan ta yi ƙara, aka ce wata yarinya ta mutu kuma sufeton 'yan sanda na nan tafe da tambayoyi.