Yadda masanin harshe zai koma aikin kimiyyar bayanai

Wanda ya karanci kimiyyar harshe yakan ɗauka cewa idan zai shiga aikin kimiyyar bayanai sai ya ajiye duk abin da ya koya ya fara daga tushe, alhali kuwa mutumin da ya taɓa zama da tarin jimloli yana neman ƙa'idar da ta haɗa su, ya gina hasashe sannan ya nemo misalin da zai rushe shi, ya riga ya san zuciyar wannan sana'a. Abin da ya rage masa shi ne iya rubuta wa kwamfuta umarni da kuma ilimin ƙididdiga.

Ka fara da Python, domin shi ne harshen kwamfuta da aka fi amfani da shi a wannan fage, kuma a cikinsa aka gina kayan aikin da za ka buƙata, irin su pandas na sarrafa jadawali, da scikit-learn na koyar da na'ura, da NLTK da spaCy na nazarin rubutu. Kada ka ɓata watanni kana kallon darussa kawai. Ka samo rubutu mai yawa, ka sa kwamfuta ta rarraba shi kalma-kalma, ta ƙirga sau nawa kowace ta fito, ta jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Za ka ga kalma ta biyu ta fito kusan rabin adadin ta farko, ta uku kuma kusan kashi ɗaya cikin uku, wato dokar da masanin harshe George Zipf ya yi fice da ita. Amma tun kafin ƙirgar ta fara za ka ci karo da tambayar da mai ilimin kwamfuta zalla kan tsallake: shin kalmomi biyu da aka haɗa da ƙaramin layi ɗaya ce ko biyu, kuma babban baƙi da ƙarami za a haɗe su ko a raba? Amsar da ka zaɓa takan sauya sakamakon gaba ɗaya, kuma a nan ne karatun ginin kalma ke nuna amfaninsa. Daga nan ka koyi SQL, wanda da shi ake ciro bayanai daga rumbunan ma'aikatu.

Ƙididdiga ita ce wurin da ya fi buƙatar haƙuri, kuma ban ga hikimar gaggawa a cikinta ba. Ka fahimci lissafin yiwuwa, da yadda ake auna dangantakar abu biyu, da dalilin da ya sa ake ware wani kaso na bayanai a ɓoye shi har sai an gama horar da na'ura sannan a jarraba ta da shi, domin na'urar da aka gwada da abin da ta riga ta gani tamkar ɗalibi ce da aka ba shi amsa kafin jarrabawa. Sai ka ƙara da lissafin jerin lambobi, tunda da su ake wakiltar kalmomi a yau. Tunanin kansa ba baƙo ba ne a wajenka, domin masanin harshe J. R. Firth ya bayyana tun 1957 cewa ana gane kalma ta kalmomin da ke kewaye da ita, kuma a kan wannan fahimta masu bincike na Google suka gina word2vec, wata hanya ta mayar da kalmomi jerin lambobi, a 2013.

Inda ka fi kowa ƙarfi shi ne yi wa bayanai alama. Idan mutum biyu suka karanta saƙonni ɗari ɗaya suna tantance na yabo da na ƙorafi, za su saɓa a wurare, kuma ana auna daidaituwarsu da ma'aunin kappa wanda Jacob Cohen ya gabatar a 1960. Wanda ya san ilimin ma'ana shi ne zai duba wuraren saɓanin ya gane ko habaici ne ya rikita su ko ƙa'idar da aka ba su ce ba ta fito fili ba, sannan ya gyara ta.

Kafin ka nemi aiki, ka kammala ayyuka biyu ko uku ka ɗora su a GitHub, shafin intanet da masu rubuta wa kwamfuta umarni ke ajiye ayyukansu, ta amfani da bayanan da ke buɗe ga kowa kamar Universal Dependencies, wato tarin jimlolin da aka yi wa alamar nahawu, ko Common Voice na Mozilla, wato tarin muryoyin da aka naɗa, ka kuma rubuta tambayar da ka yi da abin da ka gano da inda na'urar ta yi kuskure. A takardar neman aiki kada ka tsaya ga sunan kundin digirinka. Ka faɗi yawan bayanan da ka tattara, da yadda ka tsabtace su, da hukuncin da suka taimaka aka yanke. Idan matsayin mai nazarin bayanai ko mai kula da masu yin alama ne ya fara samuwa, ka karɓa, domin daga nan ake samun gogewar da ake tambaya a matsayi na gaba.