Yadda za ka gwada ko zanen Turing zai tsaya ko zai rushe

Tun 1952 masanin lissafi Alan Turing ya nuna cewa sinadarai biyu masu cuɗanya da bazuwa za su iya haifar da zane mai maimaita kansa, layi-layi ko ɗigo-ɗigo, muddin ɗaya mai ingizawa ne, ɗaya mai hanawa, kuma mai hanawar ya fi mai ingizawar saurin bazuwa. Fitar da zanen ba wuya. Ɗalibaina a nan Yalwa, cikin Bauchi, sukan fitar da shi a kwamfuta su zo suna murna. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: in aka ɗan taɓa shi, zai koma yadda yake?

Fara da miƙaƙƙen layi ɗaya, kada ka yi gaggawar shiga fili mai tsawo da faɗi. Rubuta lissafin sinadaran biyu a harshen kwamfuta na Python. In hanya mafi sauƙi ka bi, takun lokaci kada ya wuce dx²/2D, inda dx ke nufin tazarar da ke tsakanin ɗigogin da ka raba layin, D kuma ma'aunin bazuwar sinadarin da ya fi gudu. In ka wuce, lambobi za su haukace, ka ɗora wa zanen laifin da ba nasa ba.

Babban tarkon shi ne tsawon filin gwajin. Ɗauki zanen kamar kunyoyin gona. Wanda ya sa kunya ɗaya tak zai ga komai lafiya lau, alhali abin da ke rusa zanen galibi doguwar girgiza ce wadda ke ratsa kunyoyi da yawa, a ƙaramin fili kuwa ba ta da wurin shiga. Sa talatin ko hamsin. Yayyafa musu ƙananan lambobi barkatai, kamar 0.001, ka bar shi ya yi ta gudu. Rushewar nan tana da nawa ƙwarai, don haka mai gajen haƙuri yakan kashe kwamfuta ya rubuta cewa zanen ya tsaya. Riƙa adana sakamako a kai a kai, ka dai san halin wutarmu.

Daga nan sai ƙirga. In kunyoyi biyu sun haɗe, ko sabuwa ta tsiro a tsakani, tazarar da ka zaɓa tsakanin kunyoyin ba ta da ƙarko. Masanin lissafi Wiktor Eckhaus ya lissafa wannan a 1965: daf da inda zane ke fara bayyana, cikin duk zangon tazarar da zanen zai iya wanzuwa da ita, na tsakiya kawai ke tsayawa, faɗinsa 1/√3 na zangon, wato kusan kashi 58 cikin 100. Canza tazarar kaɗan-kaɗan ka maimaita har ka gano iyakokin biyu da kanka.

Sai bayan haka ka shiga fili mai faɗi, inda wata matsalar ke jira: layukan da tazararsu ta yi yawa ba sa haɗewa, lanƙwashewa suke yi.