Yadda za ka shirya wa gwajin jini idan kana motsa jiki ko aikin ƙarfi

Saurayin da ke neman shiga aikin soja ko na ɗan sanda yakan kwashe makonni yana gudu da asuba a kewayen filin wasa na Giginya da ke Sakkwato, yana haɗawa da tsallen kwaɗo da ɗaga ƙarfe. Idan aka tura shi gwajin lafiya, sai takarda ta fito da lambobin da suka haura ƙa'ida, a ce ana zargin hantarsa. Hankalinsa da na iyayensa ya tashi, alhali sau da yawa hantar lafiyarta ƙalau, tsokar jikinsa ce ta yi aikin da ba ta saba ba.

A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu sinadarai da ke taimaka mata wajen samar da ƙarfi. Babba daga cikinsu shi ne wanda ake rubuta sunansa CK a takardar gwaji, sai AST da LDH, da kuma ALT, wanda ya fi yawa a hanta amma akwai shi a tsoka, shi ya sa idan ya hau a jini ake zargin hanta. Duk lokacin da tsoka ta sha wahala, zarenta yakan samu ƙananan tsagewa da ido ba ya gani, sai waɗannan sinadarai su tsiyayo cikin jini. Motsin da ya fi jawo haka shi ne wanda tsoka ke miƙewa tana riƙe da nauyi, kamar gudu a gangare, ko durƙusawa da kaya a kafaɗa, ko sauke buhu ƙasa a hankali. Ba nan take lambar ke kai ƙololuwa ba. CK yakan ci gaba da hawa har kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye, sannan ya ɗauki kamar mako guda kafin ya sauko. A wani bincike da aka wallafa a 2008 daga ƙasar Suwidin, an sa maza 15 masu ƙoshin lafiya, waɗanda ba su saba ɗaga ƙarfe ba, suka yi awa ɗaya suna ɗagawa, kuma har bayan kwana bakwai CK da AST da ALT da LDH nasu ba su koma daidai ba.

Da zarar likita ya rubuta maka gwaji, ka tambaye shi ko akwai na hanta ko na CK a ciki. Idan akwai, kuma ba na gaggawa ba ne, ka dakatar da duk wani motsa jiki mai tsanani na aƙalla kwana uku kafin a ɗibi jininka. Idan kuwa wahalar da ka yi sabuwa ce ga jikinka, mako guda ya fi. Tafiya zuwa masallaci ko kasuwa da ƙananan ayyukan gida ba su da laifi. Ka riƙa shan ruwa yadda ya kamata a waɗannan kwanaki.

A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi yin kuskure, domin idan aka tambaye su ko suna motsa jiki sai su ce a'a, saboda a ganinsu motsa jiki na masu kayan wasanni ne. Tsoka kuwa ba ta bambance filin ƙwallo da gona. Manomin da ya yini yana huɗa a farkon damina bayan ya huta watanni, da ɗan dakon da ya sauke buhunan albasa ko shinkafa daga mota, da mai haƙar rijiya, da ɗan dambe ko ɗan kokawa, da matar da ta yi surfe da daka na biki, dukansu jininsu zai iya nuna abin da na mai ɗaga ƙarfe ke nunawa. Na san cewa wanda sai ya fita yake samun abin sawa a bakin salati ba zai iya zaman mako guda ba. Irin wannan mutum ya zaɓi ranar da ta biyo bayan aikinsa mafi sauƙi, sannan ya gaya wa likita ainihin sana'arsa da abin da ya yi a kwanakin baya, ko da ba a tambaye shi ba.

Akwai wasu abubuwan da su ma ya kamata a faɗa, domin suna ɗaga CK ba tare da motsa jiki ba: allurar da aka yi a tsoka, kamar ta zazzaɓin cizon sauro, da faɗuwa daga babur, da farfaɗiya, da magungunan rage kitsen jini da ake kira sitatin. Kada a ɓoye maganin gargajiya ko na ƙara ƙarfi da ake sha, tun da wasunsu na taɓa hanta.

Idan sakamako ya fito da lamba mai yawa, ka fara duba iyakar da ɗakin gwajin ya rubuta a gefe, domin kowane ɗakin gwaji da ma'auninsa. Da yawa sukan sa iyakar CK a wajajen 200, amma an tabbatar cewa baƙar fata, musamman maza masu kaurin tsoka, nasu yakan fi haka ko suna hutawa. Abin da likita ya fi yi shi ne ya ce a huta kwana bakwai a maimaita. Yakan kuma duba GGT da bilirubin, wasu ma'aunai biyu na lafiyar hanta, domin idan AST da ALT sun hau tare da CK amma waɗannan biyun suna daidai, hakan ya fi nuna tsoka. Duk da haka ina ba da shawarar kowa ya yi gwajin ciwon hanta nau'in B, saboda ya yawaita a ƙasarmu, kuma bai dace mutum ya fake da motsa jiki ya ƙi bincike ba. Haka nan kada mai shan sitatin ya daina da kansa kafin ya ga likitansa.

Akwai yanayin da ba a jiran mako guda. Idan tsoka ta lalace da yawa, wani sinadarin da ake kira mayogulobin yakan cika jini ya yi wa ƙoda illa, kuma a lokacin CK kan ninka iyakarsa sau biyar ko fiye, har ya kai dubbai. Alamominsa su ne fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi ko ya ragu sosai, tsoka ta kumbura da ciwon da ya wuce na gajiya, ƙafafu su rasa ƙarfi har tashi ya gagara. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana ƙara wannan haɗari, haka ma ƙishirwar azumi, da kasancewa mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila. Wanda ya ga waɗannan alamu ya nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko asibitin da ya fi kusa da shi, a ranar, domin ƙarin ruwa da wuri shi ke kare ƙoda. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi su ma ba a ɗora su a kan gajiyar atisaye, domin zuciya ita ma tsoka ce, kuma gwajin toroponin, sinadarin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta samu rauni, da awon bugun zuciya su ke nuna halin da take ciki.