Yadda Ake Sauya Fasasshen Kulas da na Hannu a Tsohuwar Hilux

Tsofaffin Hilux masu injin gazwal na 2L da 3L har yanzu su ne ke dakon buhunan albasa da gero tsakanin Marwa, Garwa da Kuseri a arewacin Kamaru, kuma ɗaya daga cikin ciwukan da ke yawan kwantar da su shi ne fashewar kulas, wato kan injin. Zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, da lodin da ya fi ƙarfin mota a hawan dutsen Ngaundere, sukan sa injin ya tafasa, ƙarfen ya tsage, galibi a siririn wurin da ke tsakanin bawul biyu, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi. Alamomin ba su ɓuya: ruwa na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, lagireto na kumfa tun injin bai ɗumama ba, farin hayaƙi na fita ta salansa, wani lokaci baƙin mai ya koma kalar madara.

Sabon kulas na asali ya fi ƙarfin aljihun yawancin masu mota, shi ya sa ake komawa ga masu sayar da kayan hannu. A nan ne aikin yake lalacewa ko ya yi kyau, domin wanda aka ciro daga wata mota mai yiwuwa irin wannan ciwon ne ya kashe ta. Ka tafi da tsohon naka a kwatanta su gefe da gefe, saboda 2L na kafin 1988 tsarin bawul ɗinsa ya bambanta da na bayansa, kuma ba kowane ne ke hawa kan ɗan'uwansa ba. Kada ka biya kuɗi sai kun yi yarjejeniya da mai shago, a gaban shaida, cewa zai karɓi kayansa idan gwaji ya nuna aibi.

Gwajin farko a gareji ake yinsa. A wanke fuskar kulas tas, a shafa kananzir, a goge, sannan a barbaɗa garin alli. Idan akwai tsaga, bayan ɗan lokaci za ka ga siririn layi mai duhu ya bayyana a cikin farin allin. Sai a kwantar da shi a gefe, a zuba kananzir a ramukan shigar iska da na fitar hayaƙi, a duba ko yana tsatsafowa ta bakin bawul. Bayan haka a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kuma a karkace, a gwada zura ma'aunin 0.20 na milimita a ƙarƙashinsa. In ya shige, fuskar ta lanƙwashe. Duk da haka, ni ban yarda a ɗaura kulas ba sai an kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe sun toshe hanyoyin ruwansa, sun hura masa iska a cikin ruwan zafi, domin akwai tsagar da ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗauki zafi.

Wajen kwancewa, a bar injin ya huce sarai, a cire batir, a juye ruwa da mai, a daidaita alamomin bel ɗin taimin, sannan a sassauta kusoshi 18 kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya.

Gasket kuwa, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da bulok (gangar jikin injin), sabo ake sawa. A 3L kaurinsa iri uku ne, masu alamar B, D da F, kuma ana zaɓa ne bisa yadda fistin ya ɗago sama da fuskar bulok, don haka a auna, kada a ɗauki wanda ya zo hannu. A busar da ramukan kusoshi, domin ruwa ko man da ya kwanta a ciki yana hana ɗauri kamawa, har yana iya tsaga bulok. Ɗauri daga tsakiya yake farawa zuwa gefe, da sifana mai awo, a matakai har zuwa 78 Nm a ma'aunin sifanar idan 3L ne, sannan a ƙara juyi na digiri 90 sau biyu. Ɗigon fenti a kan kowace kusa yana taimakawa a gane wadda aka juya. Kusar da ta miƙe ko ta sirance a jefar da ita. Tazarar bawul a 3L a sanyi milimita 0.20 zuwa 0.30 ce a na shigar iska, 0.40 zuwa 0.50 a na hayaƙi. A sa sabon bel, a juya injin da hannu zagaye biyu, a tabbatar alamomi sun dawo wurinsu.

Abin da ya fasa na farko yana nan yana jiran na biyu. A wanke lagireton da ƙura da gishirin ruwan rijiya suka toshe, a duba famfon ruwa, fanka da murfin lagireto, a mayar da tamostat, wato na'urar daidaita zafin ruwan injin, wadda makanikai da yawa ke cirewa da sunan maganin zafi. Idan an tayar da injin, a bar shi ya ɗumama murfi a buɗe har iska ta gama fita, a cika ruwa, sannan mota ta yi 'yan kwanaki ba lodi mai nauyi, direba na duba ruwa da kalar mai kowace safiya kafin ya kunna ta.