Yadda Ake Gwada Tsohon Fim Kafin A Ce Ya Tsufa

Mutum yakan koma ga fim ɗin da ya ƙaunata yana yaro, ya tarar hoton ya dushe, murya tana shaƙewa, kafin minti goma ya kashe yana cewa dama ƙuruciya ce ta sa ya ga kyansa. Wani lokacin gaskiyarsa ne, amma sau da yawa laifin ba na fim ɗin ba ne, na kwafin da aka samu ne da kuma yanayin da aka zauna kallon.

Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne neman kwafi mafi inganci. Fina-finan Kannywood na farko, tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, kuma yawancin abin da ke yawo a intanet yau an juye shi ne daga kaset zuwa kaset, sannan zuwa faifai, har ya iso waya. Kowane juyi yana cin wani abu. Idan ka ga layuka suna rawa a ƙasan allo, fuskar jarumi ta koma kore, ko magana ta riga motsin leɓe, to tsufan kaset kake kallo, ba aikin darakta ba. Ka duba saitin talabijin ɗinka ma, domin fina-finan da aka yi kafin faffaɗan allo ya shigo Amurka a 1953, da waɗanda aka ɗauka a kaset, hotonsu kusan murabba'i ne. Idan aka ja shi dole ya cika allon zamani sai fuskoki su baje, tafiyar mutane ta lalace. Gara ka bar baƙin filin da ke gefe da gefe. Haka nan ka san wace siga ka samu: fim ɗin Indiya Mughal-e-Azam, alal misali, ya fito a 1960 akasarinsa baƙi da fari, sai a 2004 aka sa masa launi, kuma hasken da aka tsara domin baƙi da fari ba ya bayyana daidai a sigar mai launi.

Bayan haka sai ka ba fim ɗin lokacinsa. Sholay na 1975 ya haura awa uku, an kuma yi shi ne domin mutanen da suka sayi tikiti suka zauna a silima, da hutu a tsakiya, ba domin mai kallo a waya yana amsa saƙo ba. Ka ajiye wayar, ka yi haƙurin rabin awa kafin ka yanke hukunci, kuma kada ka tsallake waƙoƙi, domin a tsofaffin fina-finan Indiya waƙa ce takan faɗi abin da kunya ta hana masoya furtawa.

Inda aikin yake da gaske shi ne rarrabe abin da dole ya tsufa da abin da bai kamata ya tsufa ba. Siddabarun kwamfuta shi ya fi saurin lalacewa, har ma a ganina aljanin da aka haɗa da kwamfuta a farkon shekarun 2000 ya fi ban dariya yau fiye da fadar da aka gina da katako da hannu a shekarun 1960. Kiɗan fiyano da ya mamaye fina-finan Hausa bayan fim ɗin Sangaya shi ma yana nuna shekarunsa da zarar an ji shi. Wannan duk abin yafewa ne. Abin da ba a yafewa shi ne labari marar ƙashi da zance marar gishiri, kuma akwai gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, ka zaɓi fitowa ɗaya ka rufe ido ka saurara: idan rigimar uwar miji da suruka, ko ta 'yan uba a kan gado, ta riƙe ka da kalamai kaɗai, rubutun yana da rai. Na biyu, ka tambayi kanka me zai faru da a ce jaruman suna da wayar salula, wadda ba ta yaɗu a Najeriya ba sai daga 2001. Labarin da ya dogara ga wasiƙar da ta ɓata kira ɗaya zai rusa shi, amma wanda ya ginu a kan girman kai ko kwaɗayi ko kishi zai tsaya ko da kowa yana riƙe da waya.

Akwai kuma abin da zamani ya canja a zukata. Za ka ci karo da fim da ke mayar da dukan mace ko ba'a ga mai lalura abin raha, kuma bai kamata tsufa ya zama uzurinsa ba, ko da sauran aikin ya yi kyau.

Idan da hali, ka kalli fim ɗin tare da wanda bai kai shekarunsa ba, ƙaninka ko 'yarka, ba tare da ka riƙa yi musu bayani ba. Kai kana kallonsa ne tare da tunawa da falon maƙwabta da kuka cika a kan tabarma, su kuwa fim ɗin kaɗai ke gabansu. Ka lura da inda suka yi tsit, da inda hannunsu ya koma kan waya.